Yadda Likita Zai Nemi Horon Bincike Kan Dajin Hanyar Fitsari: Jagora Daga Abijan

Likitocin hanyar fitsari ba su da yawa a Afirka ta Yamma, masu bincike a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci, ga shi aikin sai ƙaruwa yake yi. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashen cewa masu kamuwa da dajin furostet a duniya a kowace shekara za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne nauyin zai fi dannewa. Furostet shi ne ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. A Kwaddibuwa, kamar a Najeriya, dajinsa ne ya fi kama maza. Bayansa, a fannin hanyar fitsari, akwai dajin mafitsara, da na ƙoda, da na 'ya'yan maraina.

An rubuta wannan jagora domin matashin likita, mace ko namiji, mai jin Hausa, wanda ke aiki a Abijan ko yake da niyyar zuwa, har da takwaransa na Kano, Sakkwato ko Maraɗi. Unguwannin Adjamé da Treichville sun daɗe da zama mazaunin Hausawa 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya. A Treichville ɗin kuma akwai asibitin koyarwa, inda sashen ciwon daji da rajistar daji ta birnin suke. Likitan da ke jin harshen waɗannan 'yan kasuwan yana riƙe da abin da masu ba da gurbin horo ke nema, wato tambaya ta gaske da hanyar samun amsarta. Yawancin masu nema kan fara da farautar gurbi, daga baya su ƙago abin da za su ce za su bincika. Tsarin da ya fi ci shi ne a fara da tambaya, a tara shaida a gida, sannan a ƙwanƙwasa ƙofa.

Mataki na ɗaya: samo tambaya daga majinyatanka

Akwai wurare uku da tambaya ke jiran mai ɗauka.

Na farko jinkirin zuwa asibiti. Dattijon da fitsari ya fara yi wa gardama a rumfarsa ba kasafai yake tunanin likita ba. Zai ce sanyi ne, ko basir, ko tsufa. A Adjamé ɗin nan akwai Roxy, kasuwar maganin kan titi da ta yi suna a duk ƙasar, ga masu maganin gargajiya a kusa. Sau da yawa sai fitsari ya tsaya cak, ko ciwon baya ya hana tashi, ake ɗauko shi zuwa asibiti, alhali dajin ya riga ya shiga ƙashi. Watanni nawa ke shigewa tsakanin alamar farko da ganin likita? Mene ne ya fi riƙe mutum: kuɗi, kunya, rashin jin Faransanci, ko tsoron wuƙar tiyata? Shin katin inshorar lafiya ta CMU, wadda ake biya wa sefa 1,000 a wata, ya kai hannun baƙi 'yan kasuwa? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa bincike.

Na biyu tsargiya. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira, a 1994 kuma hukumar binciken daji ta duniya, IARC, ta sa nau'in da ke kama mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Ƙwan tsutsar ne ke maƙalewa a bangon mafitsara, ya yi ta jawo kumburi shekara da shekaru, har naman wurin ya sauya hali. Kwaddibuwa tana da nata darasin. Binciken da Farfesa Eliézer N'Goran da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa bayan gina madatsun ruwa a kogin Bandama, tsargiya ta tashi daga kashi 14 zuwa kashi 53 cikin ɗari a kewayen tafkin Kossou, a Taabo kuwa daga babu zuwa kashi 73. Yaran da suka yi wanka a ruwan a wancan zamani sun manyanta yanzu. Haka nan rahotannin asibitocin Sakkwato, Kano da Zariya sun sha nuna yawan dajin mafitsara nau'in da ke tafiya da tsargiya. Wanda ya tashi a bakin gulbi a ƙasar Hausa ya zo Abijan fatauci, da tarihin ruwansa ya zo.

Na uku abin da ke biyo bayan magani. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa rage sinadarin maza a jiki yana danne dajin furostet. Ana yin haka da allura ta wata-wata ko ta wata uku-uku, ko da tiyatar cire 'ya'yan maraina sau ɗaya. Mutum nawa ne ke iya ci gaba da sayen allurar bayan shekara guda? Nawa ne ke ƙin tiyatar, kuma don me? Tun da aka buɗe cibiyar gashin daji ta CNRAO a Cocody a ƙarshen 2017, wadda ita ce ta farko a ƙasar, su wa ke isa can, su wa ke tsayawa a hanya?

Ka matse tambayarka har ta faɗi su wa, mene ne, a ina, kuma yaushe. "Dajin furostet a Abijan" take ne kawai. "Tsawon jinkiri kafin gano dajin furostet ga maza masu jin Hausa da aka gani a Treichville cikin shekara biyu, idan aka kwatanta da sauran majinyata" tambaya ce da za a iya amsawa.

Mataki na biyu: ka ɗora binciken a kan horon ƙwarewarka

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, likita kan zama ƙwararre ta hanyar difilomar DES, wadda a fannin hanyar fitsari take ɗaukar shekara biyar, kuma ba a kammala ta sai da kundin bincike. A Abijan tsangayar likitanci ta Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ce ke kula da ita, ana koyon aikin a asibitocin koyarwa irin na Treichville da Cocody. A Najeriya hanya biyu ce: Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS, wadda tushenta ya koma 1960, da kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Dukansu suna neman kundi kafin jarrabawar ƙarshe.

Da yawa kan ɗauki kundin nan a matsayin shingen da za a tsallake a wuce. Kai ka ɗauke shi a matsayin bincikenka na farko. Zaɓi batunsa tun shekara ta biyu, ka tsara shi yadda zai fita a mujalla. Idan kana da burin koyarwa a jami'a, hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, da abin da ka wallafa take auna ka a kowane matakin ƙarin girma.

Mataki na uku: gina kundin bayanai mai tsabta

Nan ne yawancin bincike ke mutuwa, domin fayilolin asibiti cike suke da giɓi. Ka tsara takarda guda, shafi biyu kacal, wadda za a cike wa kowane majinyaci. Ta ƙunshi:

Lambar sirri maimakon suna, da shekaru, da sana'a, da shan taba.

Inda ya yi ƙuruciyarsa, da ko ya taɓa fitsarin jini yana yaro, da ko ya yi su, noman shinkafa ko noman rani.

Alamar farko da lokacinta, da inda ya fara neman magani, da abin da ya sha.

Sakamakon gwajin PSA tare da ranar da aka ɗebi jinin.

Sakamakon awon tsoka, da makin Gleason ko rukunin ISUP daga 1 zuwa 5, da matakin cutar bisa tsarin TNM.

Maganin da aka ba shi, da wanda ya samu a zahiri.

Lambar waya biyu ko uku, ɗaya ta ɗan'uwa da ke can gida.

Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci ƙwarai. Bahaushe ɗan ci-rani idan ciwo ya yi tsanani gida yake nufa, Tawa ko Ƙonni ko Katsina. Idan ba ka da lambar ɗansa ko ƙaninsa, a takardarka zai zama "ba a san inda yake ba", lissafin tsawon rayuwar majinyatanka kuwa ya gurɓace.

Yadda ake tambaya ma sana'a ce. Ba a tunkarar dattijo da maganar gabansa kai tsaye, balle a gaban ɗansa ko surukinsa. Ka sallami 'yan rakiya, ka ce: "Baba, ka gafarce ni, tambayar likita ce. Idan ka kwanta, sau nawa fitsari ke tashe ka kafin asuba?" Ko kuma: "Alhaji, alwalar azahar tana kai ka la'asar?" Don gano lokaci, ka auna da azumi da sallar layya da damina, sun fi watannin bature zama a ƙwaƙwalwa. Ma'aunin IPSS mai tambaya bakwai kan wahalar da wanda bai yi boko ba. Shi ya sa a 2011 likitocin Jami'ar Stellenbosch suka fito da VPSS, wanda ke aiki da zane-zane. Gwada shi ga maza masu jin Hausa a Abijan ƙaramin bincike ne mai arha da amfani.

Kula da abubuwa biyu da kan ɓata sakamako. Tsayawar fitsari, sa robar fitsari da ciwon sanyi duk suna ɗaga PSA, maganin finasteride kuwa yana rage shi da kusan rabi, don haka sai ka san abin da mutum ya haɗiya kafin ya zo. Tsokar da aka ɗebo kuma a jefa ta cikin ruwan fomalin mai kashi 10 nan take, kada ta kwana a kan tebur. Sa'annan ka ƙulla zumunci da likitan awon tsoka tun daga farko, domin ba a kiran ciwo daji a mujalla sai da shaidarsa.

Ka ziyarci rajistar daji ta Abijan. An kafa ta a 1994, sakamakonta na farko, na 1995 zuwa 1997, ya fito a 2000, kuma tana cikin ƙungiyar rajistocin Afirka ta AFCRN da aka ƙaddamar a 2012. A can za ka koyi yadda ake sa wa cuta lamba da yadda ake aiki da manhajar CanReg5. Don naka bayanan, KoboToolbox ko REDCap sun fi littafin rajista aminci.

Mataki na huɗu: izinin hukuma da yardar majinyaci

Kada ka cike takarda ko guda kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A Kwaddibuwa kwamitin ƙasa shi ne CNESVS, a Najeriya kuma kwamitocin asibitoci ne a ƙarƙashin NHREC. Mujallar kirki ba ta karɓar aikin da ba shi da lambar izini, kuma ba a samun izinin bayan an gama.

Hausawa suna da dalilin yin taka-tsantsan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru a kan batun yardar iyaye, kuma har yau ana tunawa da shi. Don haka ka fassara takardar neman yarda zuwa Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida, a gaya masa ƙarara cewa in ya ƙi, maganinsa ba zai ragu ba. Idan aikin zai kai ka cikin kasuwa, ka fara da gaishe da sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa. Sai dai izininsu na shiga ne kawai, yarda ta mai jiki ce.

Gargaɗi guda: kada ka kafa rumfar gwajin PSA a kasuwa alhali ba ka shirya inda za a ɗebi tsoka da inda za a yi magani ba. Gaya wa mutum jininsa ya nuna matsala sannan a bar shi da fargaba zalunci ne.

Kwasa-kwasan ɗa'ar bincike suna nan kyauta a intanet. TRREE na koyarwa da Faransanci da Ingilishi, haka ma Global Health Training Centre. Ka adana takardun shaidar, za a tambaye ka su.

Mataki na biyar: lissafi, rubutu da harshe

Ka san adadin mutanen da kake bukata kafin ka fara. Misali, don ƙiyasta wani kaso da kuskuren da bai wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba, kana bukatar mutum 97. Idan kana son kuskuren ya tsaya a kashi 5, sai 385. Ka nemi masanin ƙididdiga tun ana tsara aikin. Ka koyi manhajar R, kyauta ce, ka iya zana layin Kaplan-Meier da kanka. Wajen rubutu ka bi ƙa'idojin STROBE. Shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe da yawa na Afirka mujallu kyauta ko da rahusa, ka tambayi ɗakin karatun tsangayarku.

African Journal of Urology, mujallar ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Afirka, PAUSA, wuri ne da ya dace da aikin farko. Ka guji mujallun da ke aiko saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya. Sunansu a takardar tarihin aikinka rage maka daraja yake yi.

Likitan Abijan ya dage da Ingilishi, na Kano ya dage da Faransanci. Mai harsunan nan biyu tare da Hausa zai iya haɗa bincike guda tsakanin Treichville, Yamai da Sakkwato, abin da kaɗan ne ke iyawa.

Mataki na shida: nemi malamai biyu

Kana bukatar malami a gida, wanda zai ba ka lokaci da sa hannu, da wani a waje, wanda zai buɗe maka ɗakin gwaji. Na gida ba lallai ya zama likitan fitsari ba. A harabar asibitin Treichville akwai shirin PAC-CI, wanda ya daɗe yana gudanar da manyan gwaje-gwajen magungunan ƙanjamau, kuma ma'aikatansa sun san bibiyar majinyata ciki da waje. A Adiopodoumé akwai cibiyar bincike ta CSRS, wadda Suwizalan ta kafa a 1951, mai dogon tarihi a aikin tsargiya, da Cibiyar Pasteur mai ma'ajiyar samfurori. Mai sha'awar dajin ƙodar yara ya nemi sashen yara na Treichville, wanda ke cikin ƙungiyar GFAOP.

Na waje kuwa a taro ake samun sa. Ƙungiyar AORTIC ta masu binciken daji a Afirka tana babban taro duk shekara biyu, PAUSA da WACS ma suna nasu. Ka je da taƙaitaccen sakamakonka a hannu. Ƙawancen MADCaP na binciken dajin furostet, wanda Farfesa Timothy Rebbeck na cibiyar Dana-Farber ke jagoranta tare da masana irin su Farfesa Serigne Magueye Gueye na Dakar, yana da cibiyoyi a Senegal, Gana, Najeriya da Afirka ta Kudu. A 2024 ya wallafa binciken ƙwayoyin gado na maza kimanin 7,500 'yan Afirka. Akwai kuma CaPTC da Farfesa Folakemi Odedina ta kafa. Wasiƙarka ta farko ga irin waɗannan ta zama gajeriya: ga tambayata, ga majinyata nawa na tara, ga abin da nake son koya.

Mataki na bakwai: zaɓi ƙofar da ta yi daidai da tsayinka

Da rarrafe yaro kan tashi. Ka fara da gajeren horo. Ƙungiyar UICC da ke Janeba tana ba da gurbin kimanin wata guda don koyon wata dabara, tana kuma da reshe na musamman don Afirka mai jin Faransanci, inda ake nema da Faransanci. IARC tana makarantar bazara a Lyon kan ilimin yaɗuwar daji. Gidauniyar Conquer Cancer ta likitocin daji na Amurka tana da IDEA, wanda ke kai matashi babban taronsu ya haɗa shi da malami. Ƙungiyar SIU ta likitocin hanyar fitsari ta duniya ma tana tallafa wa matasan likitocin fitsari.

Mataki na tsakiya shi ne wata shida zuwa shekara biyu. Faransa tana da DFMS ga wanda ke cikin horon ƙwarewa, da DFMSA ga wanda ya gama, na wata shida ko shekara guda. Jami'ar Strasbourg ce ke karɓar takardu a farkon shekara. Aikin asibiti ne, amma mai wayo kan fito da maƙala a ciki. Conquer Cancer tana da LIFe na shekara guda. Wanda tambayarsa ta shafi tsargiya yana da ƙarin ƙofa: shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu a jami'o'i irin na Gana da Dakar, domin tsargiya tana cikin cututtukan da yake kula da su.

Na sama shi ne na wanda ya riga ya wallafa aiki kuma yake da kujera a jami'a: gurbin IARC na bayan digirin digirgir, da K43 na cibiyar Fogarty ta Amurka, mai shekara uku zuwa biyar, wanda ke neman malami a gida da wani a Amurka da kashi 75 na lokacinka. A 2025 Amurka ta sauya ƙa'idojin tura kuɗin bincike waje, don haka kada ka jingina da ƙofa guda. A gida akwai FONSTI da PASRES a Kwaddibuwa, da TETFund da NICRAT a Najeriya. Sharuɗɗa da ranakun rufewa kan sauya, ka karanta sanarwar shekarar da kake nema daga tushe.

Mataki na takwas: takardun nema da shirin dawowa

Kusan kowa abu biyar yake tambaya: tarihin aiki, tsarin bincike, wasiƙar gayyata daga mai masauki, wasiƙar shugabanka mai tabbatar da kujerarka tana jiranka, da kasafin kuɗi. Wasiƙar gayyata ce ta fi cin lokaci, ka fara nemanta wata shida kafin rufewa. A tsarin binciken ka faɗi dabara guda da za ka koya da ranar da za ka fara aiki da ita a gida. Ka zaɓi abin da asibitinka ke da kayansa. Ɗibar tsokar furostet da na'urar hoto, ko kafa rajistar majinyata, ya fi maka amfani a kan tiyata da mutum-mutumin da ba za ka same shi ba in ka dawo.

Idan za a fitar da jini ko tsoka waje, a rubuta yarjejeniya: wa ke da samfurin, me za a yi da shi, sunan wa zai zo farko a maƙala. In an ƙi ka, ka nemi dalilan masu tantancewa, ka gyara, ka sake nema. In ka dawo kuma, ka koma wa mutanen da suka ba ka amsa, ka gaya musu abin da aka gano da harshen da suke ji, ka kuma ɗauki ƙannenka biyu a sashe ka koya musu.

Duk matakan nan, na farko zuwa na biyar ba sa bukatar biza ko tallafin kowa. Saboda haka, likita, ka rubuta tambayarka a layi guda cikin makon nan, ka kai wa shugaban sashenku, ka fara shirya takardar neman izini.